Duniyar TRAPPIST-1e: tambayoyi da amsoshi kan abin da aka auna da abin da aka zana

Duk bayan 'yan watanni sai hoton ya sake dawowa cikin wayoyinmu: wata duniya shuɗiya mai gizagizai, ga teku, ga wata ƙatuwar rana ja tana leƙowa ta bayan duwatsu, a ƙasa kuma an rubuta cewa masana sun gano wata duniya irin tamu. Sau da yawa wadda ake nufi ita ce TRAPPIST-1e. Duniyar tana nan da gaske, an kuma san abubuwa masu yawa game da ita, amma hoton zane ne. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini duk lokacin da maganar ta taso. Na yi ƙoƙarin rarrabe aya da tsakuwa: abin da aka auna, abin da aka lissafa, da abin da hankali ne kawai ya saƙa.

Mece ce TRAPPIST-1e, kuma a ina take?

Duniya ce ta dutse, ta kusa kai tamu girma, tana kewaya wani tauraro dabam da ranarmu. Sunan tauraron TRAPPIST-1, yana ɓangaren sama da malaman hisabi ke kira burjin Dalwu. Duniyoyi 7 ke kewaya shi. Al'adar masana ita ce a ba su haruffa, a fara daga b, don haka ake da b, c, d, e, f, g da h. Tamu ta yau, e, ita ce ta huɗu daga tauraron, wato a tsakiyar 'yan uwanta take, uku a gabanta, uku a bayanta.

Shi kansa tauraron ƙarami ne ƙwarai. Da kaɗan ya ɗara duniyar Jupiter faɗi, nauyinsa kuma bai wuce kashi 9 cikin 100 na ranarmu ba. Zafin fuskarsa wajen digiri 2,300 ne a ma'aunin Selshiyos, alhali ta rana ta kai wajen 5,500. Wannan ƙarancin zafi ne ya sa haskensa ya karkata zuwa ja, kamar garwashin da ya fara lafawa. Ya kuma girmi ranarmu: ana kimanta shekarunsa da kusan biliyan 7.6, ita kuwa rana biliyan 4.6.

An ce nisanta shekara 40 ne. Wane irin nisa ke nan?

Tafiyar haske ake nufi. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga rana zuwa nan minti 8 da ɗan ɗoriya yake yi. To shi wannan haske, da duk gudunsa, sai ya shekara 40 a hanya kafin ya iso mu daga TRAPPIST-1. Hasken da ke faɗowa kan madubin na'urorinmu a daren yau ya baro can tun tsakiyar shekarun 1980. Wanda ya aika sallama ta rediyo yana ɗan shekara 20, ko da akwai mai amsawa nan take, sai ya cika 100 kafin ya ji amsa.

Kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977, yana gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa. Da can ya nufa, da zai yi fiye da shekara 700,000 kafin ya isa. Batun ƙaura zuwa can, wanda ake yawan liƙa wa waɗannan hotuna, ba shi da tushe.

Wa ya gano ta?

Wata tawaga ce ƙarƙashin Michaël Gillon na Jami'ar Liège da ke Beljiyam. Sun yi aiki da wata 'yar na'urar hangen nesa mai suna TRAPPIST da ke La Silla a ƙasar Chile, wadda faɗin madubinta santimita 60 ne kacal, kuma daga ita tauraron ya samo suna. A watan Mayu na 2016 suka sanar da duniyoyi uku. Bayan nan na'urar Spitzer ta hukumar NASA ta zuba wa tauraron ido na kusan kwana 20 a jere daga sararin samaniya, sai lissafi ya canza. Ranar 22 ga Fabrairu 2017 aka sanar cewa bakwai ne, kuma e tana cikin waɗanda suka bayyana a wannan karo.

Akwai hannun Afirka a aikin, abin da ba kasafai ake ambata ba. Tagwayen na'urar, TRAPPIST ta Arewa, tana kan tsaunukan Atlas a Oukaïmeden ta ƙasar Maroko, ana gudanar da ita tare da Jami'ar Cadi Ayyad ta Marrakesh, kuma masanan Maroko suna cikin waɗanda suka sa hannu a rahoton 2017.

Idan babu wanda ya taɓa ganinta, ta yaya aka san tana nan?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin a nan ne abin mamakin yake.

Ka ɗauka kana tsaye da dare a bakin gari, can nesa kana hango fitilar wani mai shayi. Ba ka ganin mai shayin, ba ka ganin teburinsa, ɗigon haske kawai. Sai wani ƙwaro ya gifta ta gaban fitilar. Idonka ba zai ga ƙwaron ba, amma da kana da na'urar auna haske mai kaifi, za ta nuna maka cewa hasken ya ragu kaɗan, sannan ya dawo. Sau ɗaya ba hujja ba ce. Amma idan raguwar tana maimaituwa a kan lokaci ɗaya, da girma ɗaya, da tsawon lokaci ɗaya, mako bayan mako, to akwai abin da ke kewaya fitilar nan.

Haka aka yi. Duk kwana 6 da awa 2 da 'yan mintuna, hasken TRAPPIST-1 yakan ragu da kusan rabin kashi 1 cikin 100, ya zauna haka na kusan awa guda, sannan ya koma yadda yake. Tazarar da ke tsakanin raguwa da raguwa ita ce tsawon shekarar duniyar. Yawan hasken da ta tare kuma shi ke faɗin girmanta, tun da an san girman tauraron. Ƙanƙantar tauraron a nan alheri ce: da duniyarmu ce ke giftawa gaban ranarmu, wani yana kallo daga nesa, raguwar ba za ta kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Saboda haka ne Gillon da abokansa suka zaɓi farautar ƙananan taurari tun farko, a lokacin da mafi yawan masu neman duniyoyi suka fi mai da hankali kan taurari irin rana.

Akwai sa'a a ciki ma. Dole sai hanyar kewayen ta daidaita da inda muke kallo. Da ta ɗan karkace, da duniyoyin bakwai za su riƙa wucewa ta sama ko ta ƙasan tauraron ba tare da sun tare mana komai ba.

To girma an gane. Nauyi fa? Ai ba a ɗora ta a sikeli ba.

'Yan uwanta ne suka tona asirinta. Duniyoyin bakwai a cunkushe suke, duk cikinsu za su shige cikin da'irar da Mercury ke yi wa rana har a bar fili mai yawa. Saboda kusancin, kowace tana jan maƙwabciyarta, sai wata ta iso gaban tauraron da wuri da 'yan mintuna, wani zagayen kuma ta makara. Gwargwadon nauyin mai ja, gwargwadon yawan mintunan. An tattara ɗaruruwan irin waɗannan lokuta, aka ba kwamfuta, aka nemi nauyin da zai haifar da wannan jinkiri da wannan gaggawa daidai. Sakamakon da Eric Agol da abokan aikinsa suka fitar a 2021 shi ne ake dogaro da shi yanzu.

Kewayen nasu ma yana da kari kamar kiɗa: duk lokacin da e ta yi zagaye 3, f takan yi 2, haka kuma d takan yi 3 a cikin zagaye 2 na e.

A taƙaice, me aka tabbatar game da ita?

Faɗinta kashi 92 cikin 100 ne na duniyarmu, nauyinta kashi 69. Idan aka haɗa biyun, za a ga cewa jikinta dutse ne, ko da yake bai kai na duniyarmu danƙarewa ba, wataƙila don ƙarfen da ke cikinta bai kai namu yawa ba. Ƙarfin da take jan abu da shi zuwa ƙasa kusan kashi 82 ne na namu, wato buhun shinkafa mai kilo 50 zai zama kamar kilo 41 a kafaɗa. Tazararta da tauraronta kusan kilomita miliyan 4.4 ce, mu kuwa tsakaninmu da rana miliyan 150. Hasken da ke isa gare ta kusan kashi 65 ne na wanda muke samu. Shekararta kwana 6.1.

Iyakar abin da aka auna ke nan. Jerin gajere ne, amma a tuna cewa an tsamo shi ne daga ƙiftawar wani ɗigon haske da ido ba ya iya gani.

Kusa da tauraro haka, ba ta ƙone ba?

Mai jin ɗumin garwashi a lokacin hunturu dole ya matso har gwiwarsa ta kusa taɓa kasko, mai jin ɗumin gobarar daji kuwa daga nesa zai tsaya. Hasken da TRAPPIST-1 ke fitarwa gaba ɗaya bai kai kashi 1 cikin 1,000 na rana ba, don haka wurin da ɗuminsa ya yi daidai yana dab da shi. Idan aka lissafa zafin e daga hasken da take samu kawai, ba tare da an sa mata iska ba, yakan fito wajen digiri 23 ƙasa da sifili. Kada wannan ya tsorata mai karatu: lissafi makamancin wannan, idan aka cire hasken da gizagizai da ƙasa ke mayarwa sama, na ba duniyarmu digiri 18 ƙasa da sifili, bargon iskar da ke lulluɓe da mu ne ke riƙe zafi har matsakaicin ya hau zuwa wajen 15. Shi ya sa ake cewa e tana yankin da ruwa zai iya zama ruwa, bai daskare ba, bai ƙafe ba. Wurin zamanta kawai wannan magana ta bayyana. Watanmu ma a irin wannan yanki yake, kuma busasshe ne ƙayau.

Da gaske ne babu dare da rana a can?

Wannan lissafi ne mai ƙarfi, ko da yake ba a auna shi kai tsaye a kan e ba. Abin da ke kewaya wani babba a kusa sosai, a hankali jan babban yakan rage masa juyi har ya koma fuska ɗaya yake nuna masa kullum. Misalin yana samanmu: tun kakanni, fuska ɗaya ta wata muke gani. Da kusancin e da kuma biliyoyin shekarun da ta yi a wurin, masana sun fi karkata ga cewa haka take. Ke nan rabinta rana ce da ba ta faɗuwa, rabinta dare ne da gari ba ya wayewa, a tsakani kuma akwai wani zobe da ya kewaye ta inda kullum almuru ne.

Akwai ruwa? Akwai iskar shaƙa?

Ba a ga ruwa ba, ba a kuma tabbatar tana da iska kowace iri ba. Duk rubutun da ya ce an samu teku a TRAPPIST-1e ya wuce gona da iri.

Dalilin damuwa shi ne halin tauraron. Ƙananan jajayen taurari suna da yawan tartsatsi, sukan yi aman wuta da haske mai ƙuna ba zato ba tsammani, kuma a ƙuruciyarsu sukan ɗauki ɗaruruwan miliyoyin shekaru suna haske fiye da yadda za su yi daga baya. Duniyar da ke dab da irin wannan tauraro tana iya rasa ruwanta da iskarta tun tana jaririya. Tana kuma iya sake samun wata iskar daga aman duwatsu, kamar yadda tamu ta yi. Wanne ne ya faru da e? Abin da ake nema ke nan.

Na'urar hangen nesa ta James Webb, da aka harba sararin samaniya ranar 25 ga Disamba 2021, ta fara da duniyoyin da suka fi kusa da tauraron. A Maris 2023 aka auna zafin fuskar b mai kallon tauraro, aka samu wajen digiri 230, abin da ya fi dacewa da dutse tsirara marar iska mai kauri. A Yuni na shekarar aka samu wajen 107 a kan c, ita ma babu alamar iska mai kauri irin ta Venus, wadda muke kira Zara matar wata. A Agusta 2025 aka bayyana cewa d ba ta da iska irin tamu. Labarin bai yi daɗi ba, amma waɗannan ukun su ne suka fi shan wutar tauraron.

Ita e, hanyar da ake bi da ita ta fi wuya. Idan ka ɗaga kwalbar ruwan zoɓo gaban fitila, launin hasken da ya ratso zai faɗa maka abin da ke ciki. Haka idan duniyar ta gifta gaban tauraro, wani ɗan siririn haske yakan ratsa ta gefen iskarta, kowace irin iska kuma tana da launukan da take haɗiyewa. A Satumba 2025 aka fitar da sakamakon giftawa 4 da Webb ta kalla. An kawar da yiwuwar tana da ƙaton bargon haidirojin. An kuma ga cewa da wuya ta kasance da iskar da kabon ya mamaye irin ta Venus ko ta Mars. Abu biyu suka rage a tsaye: ko tana da iska mai yawan naitirojin, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ko kuma dutse ce fayau. Bayanan ba su isa a zaɓi ɗaya ba.

Abin da ke dagula aikin shi ne tauraron kansa. Fuskarsa cike take da tabo masu duhu da wurare masu ƙyalli, suna sauyawa daga rana zuwa rana, kuma suna iya barin alama a cikin hasken da za ta yi kama da ta iskar duniya. Ni dai yadda masanan suka tsaya a kan cewa bayanan ba su isa ba ya fi ƙara mini yarda da su fiye da a ce sun yi shelar samun ruwa.

To hotunan da muke gani daga ina suke?

Masu zane ne ke yin su, kuma ba a ɓoye hakan ba. Mafi shahara daga cikinsu aikin Robert Hurt da Tim Pyle ne na cibiyar Caltech a Amurka, waɗanda sukan zauna da masanan, su karɓi girma da nisa da zafi, sannan su cike sauran da abin da zai iya yiwuwa. NASA ma ta fitar da wata fosta mai kama da tallan yawon buɗe ido zuwa TRAPPIST-1e. A wurin da aka fara wallafa su akan rubuta cewa hasashen mai zane ne. Matsalar takan faro ne idan hoton ya bar gida: wani ya yanke wannan rubutu, wani ya ɗora nasa, kafin ya iso wayar ƙanena ya zama hoton da kumbo ya ɗauko. Na taɓa nuna masa ainihin abin da wata na'urar hangen nesa mai suna Kepler ta ɗauka na tauraron, 'yan murabba'ai masu fari da toka kamar hoton da bai gama buɗewa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Yaya, daga wannan aka san duk abin da ka faɗa?” Daga shi ne, da irinsa.

Da mutum zai tsaya a kanta, me zai gani?

A nan mun shiga hasashe, amma wani ɓangarensa yana da ƙafa a lissafi. Tauraron zai bayyana da faɗin ranarmu sau 4, yana tsaye wuri ɗaya a sama, ba ya motsi. Haskensa ga idon mutum zai yi rauni, mai ruwan lemo, domin mafi yawan abin da yake fitarwa irin hasken nan ne da fata ke ji a matsayin ɗumi amma ido ba ya gani. Za ka ji zafi a fuska alhali gari kamar magariba. Inuwar kowane dutse tana nan inda take tun fil azal. Maƙwabtan nan biyu, d da f, idan suka matso za su kai girman watanmu a sama, kuma cikin 'yan kwanaki za a ga sun ƙanƙance sun sake girma. Wannan duk daga alƙaluman da aka auna ya fito.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafa kuwa ya dogara ga iskar da ba a tabbatar ba. Idan tana da ruwa da iska daidai gwargwado, lissafin yanayi da ake yi a kwamfuta yakan nuna buɗaɗɗen teku a inda tauraron ke tsaye tsakar ka, gizagizai sun taru a kansa, ƙanƙara ta rufe sauran, har masana ke kwatanta siffar da ƙwayar ido. Iska ce za ta riƙa kwasar zafi daga ɓangaren rana tana kai wa ɓangaren dare. Idan kuwa babu iska, to sama baƙa ce ko da tsakar rana, gefe ɗaya dutse mai zafi, ɗaya gefen sanyin da ba a taɓa jin irinsa a doron ƙasa ba, babu sauti, babu ƙurar da za ta tashi.

Halittu fa?

Babu wata alama. An saurari tauraron da na'urorin rediyo na Allen da ke Kalifoniya na tsawon awa 28, sakamakon da aka fitar a 2024 ya nuna ba a ji saƙon kowa ba. Maganar baƙaƙen tsirrai da ake yi ta samo asali ne daga wani tunani mai ma'ana: ganyenmu kore ne saboda yana shan wasu launuka na hasken rana yana mayar da kore, to tsiron da ke ƙarƙashin tauraro mai raunin haske zai so ya shanye duk abin da ya samu, sai ya zama baƙi a idonmu. Tunani ne mai kyau, kuma yana da amfani, domin yana koya wa masana irin alamar da za su nema. Amma kafin a kai ga ganye sai an fara tabbatar da iska.

Zan iya ganin tauraron daga nan?

Wurinsa kam za ka iya kallo. Burjin Dalwu yakan hau sama sosai da farkon dare daga Satumba zuwa Nuwamba, daga Kano ko Zinder ko Kumasi. Tauraron kansa ya fi ƙarfin ido: ya fi mafi raunin tauraron da mutum ke iya gani a daren da babu wata rauni fiye da sau 100,000.

Me ake jira yanzu?

An ware wa Webb ƙarin giftawa 15 na e, da wata dabara mai kyau. An zaɓi lokutan da b da e ke giftawa gaban tauraron kusan a jere. Tun da alamu sun nuna b ba ta da wata iskar kirki, duk abin da ya bayyana a hasken lokacin giftawarta za a ɗauke shi a matsayin dattin tauraron na wannan rana. Sai a cire shi daga abin da aka gani lokacin giftawar e, wadda ta zo kusa da ita kafin tabon tauraron su sauya. Abin da ya rage bayan an cire, idan akwai, na e ne.